Ganyen Maman Rabi da Ƙafar Alhaji

Ku matso kusa. Wannan ba tatsuniya ba ce, ko da yake da bakin tatsuniya zan ba ku ita, don shi ne bakin da nake da shi. Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Ni ke faɗa, gwaggonku Hajara ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta miƙe mini magana ko da ta ga ta karkace. Abin da ya zaunar da ni yau wata magana ce da na ji a bakin ɗayanku ranar suna, kuna ta dariya, wai maganin 'yar Indiya ne ya cinye wa kakanku yatsun ƙafa biyu. Na san inda kuka samo ta. Ta daɗe tana yawo a gidajen mutanenmu na Greensboro, ni kuwa ina ji ina kawar da kai. To, ba haka aka yi ba, kuma cikin waɗanda suka san yadda aka yi, ni ce nake da bashin faɗa.

Mun zo garin nan ni da Alhaji da furfurarmu. Babanku, wanda ba na kama sunansa don shi ne ɗan fari, yana tuƙa babbar mota a lokacin, yakan yi mako biyu bai kwana gida ba. Uwarku Nafisa nas ce a asibiti. Alhaji kuwa tela ne tun yana saurayi a zangon Kumasi, mutum mai tsabta da kunya, kunyar da ban taɓa ganin irinta wurin namiji ba. Tunda muka sauka a gidan ɗansa bai taɓa cin abinci a gaban uwarku ba. In ta shigo falo, sai ya tuna yana da abin yi a ɗaki. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce uwar yara. Ya zo da ciwon suga tun daga gida, amma bai yarda ta riƙe masa yatsa ta gwada jininsa ba. Shi zai tsira wa kansa allurar da safe, ya ajiye ɗan injin a kan tebur, ya fita. Ita kuma in ta zo ta duba, sai ta jera masa ƙwayoyinsa a faranti, ta bar wurin. Haka suke hira, shi da ita, ta bakin tebur. Takan yi dariya ta ce mini, Mma, a gaya wa Baba nan Amurka ce. Shi kuma ya ce a gaya mata ko a wata aka kai shi, suruka suruka ce.

Gidan da ke jikin namu, shingen waya kawai ya raba mu, na wasu Indiyawa ne. Akwai wata tsohuwa a ciki, sa'ata, gajeriya, mai tabarau. Ita ma reno ya kawo ta kamar ni. Ta faɗa mini sunanta, harshena ya ƙi ɗauka. Sai ta nuna gidan ta ce na Rabi ne, abin da ta haifa. Na ce madalla, mu ma muna da Rabi. Na ɗauka 'ya mace ce, har na ware mata ɗankwali cikin kayana, sai ran nan ga ƙato da gemu ya fito daga mota, ta ce ga Rabi. Ashe a can sunan maza ne, kuma da cizon leɓe suke faɗinsa. Ni dai tun daga ranar Maman Rabi nake ce mata, tana kuma amsawa.

Abin da ya haɗa mu wata 'yar bishiya ce a tukunyar roba, a bakin ƙofarta ta baya, tsayinta bai wuce ƙuguna ba. Na daɗe ina kallonta ta shinge. Wata rana na miƙa hannu na tsinki ganye ɗaya na tauna. Ɗacin nan ya ɗauke ni cak ya ajiye ni a ƙofar gidan ubana a Tamale. Ban san lokacin da na ce, nim. Tsohuwar tana shanya, ta juyo, ta ce, nim. Mutanen Najeriya da ke nan sukan ce dogon yaro ko darbejiya, mu kuwa a zango nim muka sani, ashe sunan daga ƙasarsu ya taso tare da bishiyar. Kalma ɗaya ke nan da muka tarar muna da ita tare, a kanta muka gina sauran. Turancina na kasuwa ne, nata gutsattsari ne, abin da baki ya kasa hannu ya ƙarasa. In sanyi ya shigo, ni nake kama mata tukunyar mu shigar da ita falo kamar jaririya, don nim ba ta san ƙanƙara ba.

A hankali na gane ubanta mai magani ne a ƙauyensu, ba irin na tsibbu ba, wani ilimi ne nasu na tun kaka da kakanni da suke kira Ayurbeda, a rubuce yake a littattafai. Ita ce mai daka masa tun tana yarinya. Na ga aikinta a jikina ranar da wuƙa ta zame mini ina feren doya, ta tsaga mini tafin hannu. Kafin ta taɓa ni sai da ta wanke hannu har gwiwa, kamar mai alwala. Ta tafasa ganyen nim, ta bar ruwan ya huce, ta tace da ƙyalle, ta wanke mini yankan. Ta kwaɓa gangamau da zuma ta shafa, ta ɗaure da farin tsumma wanda ta dafa ta shanya a rana ta goge. Ta ce safe da yamma a sake, kada ruwan wanke-wanke ya taɓa, kada ƙuda ya sauka, a turara busasshen ganyen a ɗaki. Ta koya mini cewa miki iri biyu ne. Mai tsabta, sai ta fito da harshenta ta nuna, wato launinsa ke nan. Wanda ya ɓaci kuwa, sai ta toshe hanci. Duk aikin, in ji ta, shi ne a tsare na farko kada ya zama na biyu. Surukarta ta fassara mini wata magana a ranar, cewa uban nata bai taɓa ba da magani ga mikin da bai gani da idonsa ba. Na ji, na gyaɗa kai, maganar ta wuce ta bayan kunnena. Cikin kwana kaɗan hannuna ya haɗe sumul.

A shekarar babbar salla ta faɗo tsakiyar zafi. Uwarku ta sayo wa Alhaji takalmi baƙi na fata, mai kyau, ta ajiye masa a kan teburin nan nasu. Ya matse shi kaɗan. Na ce ya bari a canzo, ya ce kyautar suruka ba a mayar da ita kanti. Ya sa shi ya je idi, ya zaga gaishe-gaishe da shi wuni guda, yana ɗaga ƙafa yana nuna wa abokansa. Da yamma da ya zo cirewa, safa ta manne da ƙaramin yatsansa na hagu. Fatar ta saluɓe, ga jini, shi kuwa bai ji komai ba, don sugan ya daɗe da kashe masa jin tafin ƙafa. Na ce bari in kira uwar yara. Ya riƙe mini gefen zane.

"Hajiya, kada yarinyar nan ta ji. Takalminta ne."

Ya sa na yi masa alkawari. Ba kunya kaɗai ba ce, akwai tsoro a ƙarƙashinta. Yayansa a Kumasi da ɗan ƙurji ya shiga asibiti, ya fito da ƙafa ɗaya, kuma Alhaji ne ya ɗinke masa wandunansa ɗaya bayan ɗaya, yana naɗe ƙafar da babu. Na san wannan, shi ya sa ban ja da shi ba. Na ce a raina, ai ina da magani a bayan shinge.

Nan ne na yi abin da ban taɓa faɗa wa kowa a cikinku ba. Na ɗauki tsumma na naɗe hannuna da ya riga ya warke, na je wurin Maman Rabi na ce ya sake buɗewa. Ta ba ni ganye. Na koma gobe, ta ba ni. Duk abin da ta koya mini na yi wa Alhaji, ban rage ko ɗaya ba: wankin hannu, ruwan nim, gangamau da zuma, dafaffen tsumma. Shi kuma ya fito da huffinsa na fata ya sa a cikin zafin nan, wai shafa ya fi masa sauƙi wajen alwala. Ya daina hawa bas zuwa cikin gari, inda ya saba zaga Elm Street yana leƙa ɗinkin Turawa a tagogin kantuna yana kushewa. Da wari ya fara fitowa, sai na ƙara turaren wuta a ɗaki. Uwarku ta ce, Mma, ɗakin nan kamar na amarya. Na yi dariya. Allah Ya yafe mini dariyar nan.

Mun kusa mako biyu a haka. 'Yar bishiyar ta fara zama tsinke, matar nan ba ta taɓa haɗe fuska ba. Wata safiya ta miƙo mini ganyen ta kan shinge, na karɓa, sai ta kama wuyan hannuna ba ta saki ba. Ta warware tsumman a hankali. Babu komai sai tabo. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, wa? Na nuna gidanmu, na shafa haɓa alamar gemu, na nuna ƙafa. Ta fito da harshe tana tambaya, na girgiza kai. Ta toshe hanci, na gyaɗa. Ta matsa yatsan ƙafarta ta yamutsa fuska, wato yana jin zafi? Nan na samu abin farin ciki da zan ba ta, na ce a'a, ko kaɗan, ko an latsa ba ya ji. Ina murmushi na faɗa. Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, suga? Na ce, suga.

Ta buɗe tafin hannuna ta kwashe ganyenta, ta watsa shi cikin tukunya.

"Ganye, a'a. Asibiti. Yau."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata rowa ce, ta ga bishiyarta ta ƙare. Na juya zan tafi, ta sake kama ni. Ta ɗaga zanenta, ta ɗora yatsa a kan ƙafarta ta ja shi sama, a hankali, ya wuce idon sawu, ya hau ƙwauri, har gwiwa. Sannan ta sara wurin da gefen hannunta. Ta kuma cewa, yau. Idonta ya cika da ruwa.

Na koma na tarar da Alhaji a kwance, jikinsa kamar garwashi, yana cewa sanyi yake ji. Na ɗaga ƙafar wandonsa. Ga jan layi ya fito daga bakin huffi yana hawa, daidai hanyar da yatsan matar nan ya bi. Na zauna a bakin gado. Tunda aka kai ni gidan mutumin nan ban taɓa tsallake maganarsa ba, bai kuma taɓa ba ni amana na zubar ba. Na duba amanar, na duba layin. Uwarku ta dawo daga aiki ba da daɗewa ba, tana barci. Na tsaya a ƙofarta har ƙafafuna suka gaji, sannan na ƙwanƙwasa.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambayi kwana nawa, na faɗa, ta rufe ido. Ta nufi ɗakinmu, amma Alhaji ya riga ya ji motsinmu. Daga ciki ya ce in gaya wa uwar yara ta koma ta huta, surukarsa ba za ta durƙusa a kan ruɓaɓɓiyar ƙafarsa ba yana raye. Sannan ya ce, ke kuma Hajiya, na gode. Godiyar nan ta fi mari zafi.

 Sai uwarku ta shiga ɗakinta. Ta fito cikin shuɗin kayan aikinta, da katin suna a ƙirji, da ƙyallen rufe hanci, da safar hannu ta roba. Ta fita ta ƙofar baya. Na ɗauka mota za ta kira. Can sai na ji ƙararrawar ƙofar gaba. Na buɗe, ga ta tsaye da jakarta, ta ɗaga murya yadda za a ji har ɗaki.

"Salamu alaikum, masu gida. Nas ce daga asibiti. An ce akwai dattijo marar lafiya a nan."

  Can muryar Alhaji ta fito, ƙasa-ƙasa.

"A ce wa malamar ta shigo."

Ya juya fuska ga bango, ta durƙusa. Ba ta ce masa Baba ba, Alhaji ta ce, kamar baƙuwa. Da almakashi ta yanke huffin, don ƙafar ta cika shi. Na ga kafaɗunta sun motsa da ta ga abin da ke ciki, amma muryarta ba ta yi rawa ba. Yana kallon bango ya tambaya.

"Malama, yankewa za a yi?"

"Alhaji, in mun tafi yanzu, ina sa rai ƙafar taka ce. In muka kai gobe, ban yi maka alkawari ba."

Ya ce a miƙo masa hularsa.

A asibiti suka ce ƙwayar cuta ta ci har ƙashin yatsu biyu, ta kuma kama hanyar shiga jini. Kwanaki ana ɗura masa magani ta jijiya. Suka cire yatsun biyu, ƙafa ta tsira. Likitan ya tambayi mene ne wannan rawayan da ya rina fatar, uwarku ta fassara mini, na ce maƙwabciyarmu ce ta ba ni. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Gaskiya ce, amma rabinta, kuma rabin gaskiya wani lokaci ya fi ƙarya ɓarna. Babanku ya baro hanya ya dawo a fusace, ya je ƙofar mutanen nan ya gaya wa Rabi maganganun da ba su dace ba. 'Yan dubiya suka ɗauka, kowa ya kai gidansa. Ni kuwa na yi shiru, don kayan sun fi mini sauƙi a kan wani. Maman Rabi ta daina fitowa shanya in ina waje. Alhaji ya dawo gida ya daina yi mini magana kai tsaye. Ina zaune a gabansa zai ce a gaya wa Hajiya ruwan ya yi sanyi. Wata biyu muna haka.

Uwarku ce ta warware. Takalman nan dai ta ɗauke su tun ranar farko, ta sa hannu a ciki ta ga busasshen jini, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ba mu kuma sake ganinsu ba. Wata rana muna tsinkar alayyafo a kicin ta ce mini, Mma, ba gangamau ne ya ci yatsun Baba ba, kwanakin da aka ɓoye ne. Ta ce irin wankin da nake yi masa zai iya tsare ƙaramin yanka a jikin mai lafiya, amma ƙafar mai suga da ba ta jin zafi sai idon likita tun ranar farko. Sannan ta tambaye ni, bayan na yi shiru mako biyu, me ya kawo ni ƙofarta a safiyar nan. Na ajiye alayyafon na gaya mata duka, har da tsumman ƙarya. Ta ce, to Baba ya kamata ya ji wannan, kuma ba daga bakina ba.

Na same shi bayan la'asar yana zaune da carbi. Na zauna a ƙasa na faɗa masa tun daga fari. Bai dube ni ba har na gama.

"Ita ta hana ki ganyen?"

"Ita."

"Ke kuma kika bar yaro ya je ya ci musu mutunci."

"Na bari."

"Miƙo mini sandata."

Maganarsa ta farko ke nan gare ni, ni da kaina, cikin wata biyu. Lokacin ganyen itatuwa ya fara ja yana zuba. Ya sa faffaɗan takalmin da asibiti suka ba shi, muka fita, tafiyarsa ta farko a waje tun da aka sallame shi. Tsakanin ƙofarmu da tasu ba nisa, amma sau biyu ya tsaya ya huta. Maman Rabi ce ta buɗe. Alhaji ya fi ni Turanci, ya cire hula, ya ba ta haƙuri a madadin gidansa, ya yi mata godiya. Ba ta dubi fuskarsa ba, ƙafar take kallo. Ta jawo kujera. Mutumin nan da ya ɓoye ƙafarsa ga duniya ya zauna ya kwance takalmin da hannunsa. Ta je ta wanke hannu, ta gyara tabarau, ta duba sama da ƙasa da tsakanin yatsun da suka rage. Sannan ta miƙe ta ɗaga masa yatsa, ta buɗe masa faɗa da yarensu, faɗa mai tsawo, ba ta ko numfasawa. Ya sunkuyar da kai kamar ɗan makaranta. Ya ce mini a hankali, me take cewa? Na ce ban ji ko kalma ɗaya ba, amma duk gaskiya ce. Ni kuwa ba ta yi mini faɗa ba. Ta kama tafin hannuna ta riƙe, shi ke nan, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Babanku ya je ya ba da haƙuri washegari. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita gari, ni kuma kunyar tsumman nan ta hana ni bin ta gida gida in dawo da ita. Shekarar da ta biyo aiki ya ɗauke Rabi zuwa wata jiha, suka tafi da tsohuwar, ban sake jin ɗuriyarta ba. Alhaji ya ƙara shekaru masu albarka yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ku daina saka matar nan a dariyarku. In za ku ambace ta, ku ambace ta da alheri.

Da muka fito daga gidanta ran nan, mun taka matakala ke nan sai ƙafar ta ɗan gurɗe masa. Ya ɗora hannu a kafaɗata. Tun aurenmu bai taɓa taɓa ni a kan titi ba, ko a Kumasi ko a nan. Na ɗauka zai janye in ya daidaita, bai janye ba. Na waiga, Maman Rabi tana tsaye a ƙofarta. Na duba gaba, labulen tagarmu ya ɗan ɗage, uwarku ce.

"Tafi a hankali, Hajiya," in ji shi. "Ƙafar nan yanzu ba tawa ba ce ni kaɗai. Masu ita suna kallo."

Nan na sauke kayana. Hajara, ajiye biron.